Jitar araha: a zuba mata kuɗi ko a tara a sayi wata?

Ɗan Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum manya da 'yan uwa. Shawara nike nema. Akwai wata jitar lantarki da na saya ta hannu a Sabon Garin Kano, irin ƙirar Stratocaster ɗin nan ta kamfanin Fender, mai fikof ukku (abubuwan da ke ƙarƙashin tsirkiya suna ɗaukar sautinta), 'yar Chana ce, sunan da ke kanta ma ban taɓa jin shi ba. Jikinta lafiya lau, babu tsagewa, kuma tana mani daɗin riƙo. Amma matsalolinta sun ishe ni. Da na jona ta da amfilifaya sai ƙugi ya tashi ko ban taɓa komi ba. Saiti bai zama, musamman tsirkiya ta ukku, kafin in gama waƙa guda ta sauka. Tsirkiyoyin sun yi nisa da wuya, in na hau can sama sai yatsu su yi ta ciwo. Kuma tun da hunturun nan ya kama, bakin ƙarafan firet, waɗannan da ke gicciye a wuya inda ake danna tsirkiya, suka fito ta gefe suna kartar mani hannu.

Na duba a intanet na haɗa kaya: fikof ukku masu maganaɗisun alniko (wani haɗin ƙarfe), kunnuwan ɗaure tsirkiya masu kulle ta, da sabon jaki, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a jikin jitar. Da na lissafa har da kuɗin kawowa, ya kusa ninka abin da na sayi jitar. Shi ne na ce bari in ji ta bakinku kafin in tura kuɗin.

Mai Situdiyo:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, kada ka tura ko sisi. Araha ba ta ado. Duk abin da ka zuba wa jitar nan, ranar da ka tashi sayarwa mai saye sunan da ke kanta zai duba, ba zai tambaye ka abin da ke ciki ba. Ka riƙe kuɗinka, ka sayar da ita, ka haɗa ka nemi Yamaha Pacifica 112 ko Squier ta hannu. Squier ɗin nan kamfanin Fender ne da kansa ya fito da ita a 1982 saboda masu kwaikwayon jitocinsa sun cika kasuwa, wato dai arahar da aka yi da tsari. Masu kawo irin taka situdiyo ina ganinsu, rabin lokacin da suka biya a saiti yake ƙarewa.

Mai Jitar Coci:
Salama gare ku. Yaya Mai Situdiyo, maganar sayarwa gaskiya ka faɗa. Amma ka sake karanta abin da yaron nan ya lissafa. Abu huɗu ya ambata, kuma a cikinsu babu ko ɗaya da sabon fikof zai gyara. Pacifica ɗin ma in ta shekara a Katsina ba wanda ya taɓa wuyanta, haka za ta yi. Ni irin tashi nake kaɗawa duk Lahadi, kuma abin da ya raba ta da kwandon shara saiti ne kawai.

Ƙanena, ka fara da wuya. A cikin wuyan akwai rodin ƙarfe da ke ja da ƙarfin tsirkiyoyi, bakinsa yana can wajen kai, alanki milimita 4 ko 5 ke shiga galibi. Ka saita jitar yadda kake kaɗa ta, ka danne babbar tsirkiya a firet na farko da na ƙarshe, wani ya riƙe maka ɗaya, sannan ka duba ratar da ke tsakanin tsirkiyar da firet na 8. Abin da Fender ke ba da shawara wajen milimita 0.25 ne. Ka ari filagejin da makanikai ke saita bawul da shi, in babu, katin waya da aka kankare ya kusa kaurin nan. In ratar ta yi yawa, wuyan ya lanƙwaso gaba, sai ka sassauta tsirkiyoyi ka juya alankin dama, kwata ɗin zagaye kawai, ka sake saitawa ka bar ta ta kwana ka auna. In ka ji ya ƙi juyawa, ka tsaya nan. Rodin nan in ya karye wuyan ya tashi aiki.

Sai wuya ya daidaita za ka taɓa jaki. Kowace tsirkiya tana da ɗan sirdinta mai ƙananan sukurori biyu, ka sauke su har ratar ta zama wajen milimita 1.6 a firet na 17, ko ɗan sama da haka in hannunka mai nauyi ne. Daga nan sai ka kaɗa tsirkiya a sake, ka danne ta a firet na 12, ka duba da manhajar saiti ta waya. In ta 12 ɗin ta haura, ka ja sirdin baya. In ta gaza, ka turo shi gaba. Masu cewa jitar araha ba ta jituwa da piyano in an hau sama, yawanci wannan ne ba a taɓa yi mata ba.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Na gode Yaya. To tsirkiya ta ukkun fa? Ba kunnuwan ba ne suka lalace?

Mai Jitar Coci:
Da wuya. Ka saurara da kyau lokacin da kake ɗaure ta: in ka ji wani ɗan "tin" sai sautin ya yi tsalle, to maƙalewa take a nat, ɗan farin abin nan mai tsaga shida da tsirkiyoyi ke bi ta kai kafin su isa kunnuwa. Na jitar araha roba ne, kuma tsagar takan yi matsi. Ka goga bakin fensir a cikin kowace tsaga, baƙin fensir yana sa santsi. Sannan ka duba naɗin da ke jikin kunne. Zagaye biyu zuwa uku ya isa, kowanne a ƙarƙashin na baya, ba a cukurkuɗe ba. Sabuwar tsirkiya kuma a ɗan jajja ta da hannu a sake saitawa har ta daina sauka.

Abu na ƙarshe, ka juya bayan jitar ka buɗe murfin nan. Jakin irin wannan jita a kan sifirin yake lilo, shi ya sa in tsirkiya ɗaya ta motsa sauran ma sai su motsa. In ba ka amfani da sandar girgiza sauti, ka ɗaure sukurorin nan biyu har jakin ya kwanta a jikin katako, ko a yanka ɗan katako a cusa a tare shi. Jitar da Fender ke yi da sunan shahararren makaɗi Eric Clapton ma a tare take fitowa daga masana'anta.

Baba Mai Rediyo:
Yara, kun yi maganar katako, bari in yi ta wuta, dan nan ne aikina. Ɗana, kafin ka kwance komi ka yi mani gwaji ukku ka dawo ka faɗa mani.

Na farko, ka jona ta ka buɗe bolum, ka saki tsirkiyoyi, sannan ka ɗora hannu kansu. Ƙugin ya ragu, ya ƙaru, ko yana nan yadda yake? Na biyu, ka rungume ta ka juya a hankali cikin ɗaki, gabas, kudu, yamma, ka ji ko akwai inda ƙugin ke faɗuwa. Na ukku, ka cire cajar waya da duk wani ƙwan fitila na zamani da ke ɗakin, in da hali ma ka gwada da amfilifaya mai batir lokacin da aka ɗauke wuta.

Fikof ba wani abin mamaki ba ne. Siririyar wayar jan ƙarfe ce, ta kusa gashi siranta, aka naɗe ta zagaye wajen 8,000 a kan maganaɗisu. Tsirkiya ta motsa, sai 'yar wuta ta taso cikin naɗin. To shi naɗin nan kamar eriyar rediyo yake, bai san sautinka daban, hayaniyar gida daban ba, duk abin da ya zo kwasa yake. Mai tsadar ma haka yake kwasa. In ka sayo na alniko ka sa cikin gidan da wayoyinsa ba su da kyau, ƙugin nan zai tarbe ka.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Baba na gwada. In na ɗora hannu babu abin da ke canjawa ko kaɗan. In na juya kau, akwai wajen da yake raguwa sosai, in na fuskanci taga sai ya ƙaru. Da na cire cajar waya wani siririn tsiii ɗin ya ɓace, amma mai kaurin yana nan.

Baba Mai Rediyo:
Madalla. Ka ga mun kama ɓarawo ɗaya. Tunda hannunka bai canja komi, wayar da ke haɗa jaki da bayan bolum ta cire. Cikin murfin bayan nan da aka ce ka buɗe, akwai farantin da sifirin ke maƙale, za ka ga wata baƙar waya da ya kamata a ce tana like da dalma a jikinshi. Ko ta tsinke ko tun farko ba a like ta da kyau ba. Farantin yana da kauri, ƙaramin ayan liƙin dalma bai iya ɗumama shi, sai mai wat 40 zuwa sama, kuma a kankare wajen ya yi haske tukuna. Da a ce ƙugin ƙaruwa yake in ka taɓa, da sai in ce an juya wayoyin soket ɗin jitar, inda ake cusa igiyar amfilifaya. Bayan wannan sai a shimfiɗe ramin kayan wutar da bayan farin murfin gaba da takardar alminiyom, ta kicin ɗin nan, a manna da gam.

'Yar Lantarki:
Baba, Allah ya ƙara girma, ina da ɗan ƙari. Hayaniyar iri biyu ce, kuma gwajinka ya raba su. Siririn da ya ɓace da aka cire caja, shi ne shimfiɗar ƙarfe ke tarewa. Mai kaurin da ke canjawa in ya juya, na maganaɗisu ne, daga taransifoma ko manyan wayoyi yake zuwa, a kan bugun wutarmu na sau 50 a daƙiƙa, kuma yana ratsa alminiyom da jan ƙarfe duka. Kada ya sha wahalar shimfiɗa ya ga bai tafi ba ya ɗauka aikin bai yi ba. Malam, akwai taransifoma ko falwaya ta wajen tagar nan?

Ka kuma gwada makunnin zaɓen fikof a matsayi na 2 da na 4. A jitoci da yawa ana naɗe fikof na tsakiya a juye, maganaɗisunsa ma a juye, to in ya haɗu da na kusa da shi sai ƙugin ya kashe juna. In naka haka yake, ka samu wurare biyu masu shiru kyauta.

Game da alminiyom, yana aiki, amma dalma ba ta kama shi, kuma gam yana raba falle da falle. Duk fallen da bai haɗu da wayar ƙasa ba, ado ne kawai. Na fi son salatif ɗin jan ƙarfe mai gam da ke wuce wuta.

Baba Mai Rediyo:
'Yata, karatunki daidai ne, ban ja ba. Amma salatif ɗin jan ƙarfen nan sai an aika Kano ko Legas. Alminiyom kau yana nan cikin Babbar Kasuwa. Yadda nike yi, falle ɗaya babba nike shimfiɗawa, inda dole a haɗa sai in ninke bakin ƙarfe ya taɓa ƙarfe, in ɗaure da ƙaramin sukuru mai waya zuwa bayan bolum. In na gama sai in bi da mita, mai yin ƙara in ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, lungu lungu, duk inda ba ta yi ƙara ba in sake. Abin da za a kiyaye, a sa baƙin salatif ƙarƙashin makunni da soket, dan in ƙafar da ke ɗauke da sauti ta taɓa shimfiɗar, jitar za ta yi tsit.

'Yar Lantarki:
In dai za a bi da mita haka Baba, na yarda. Amma akwai abin da ya fi ƙugi damuna. Da zarar an gyara wayar jakin nan, tsirkiyoyin sun haɗu da jikin amfilifaya ke nan, shi kuma mai kaɗawa yana riƙe da su. Gidajenmu da yawa soket ɗin rami uku ne amma na ukun ba a kai shi ko'ina ba, wasu kuma karya ƙafar filogi ta uku suke yi don ya shiga. A wajen biki ga janareta, ga lasifika a wani layi daban, ga makirufo a baki. In wani abu ya lalace a cikin amfilifaya, jikin mutum ne hanyar da wutar za ta bi. Keith Relf, mawaƙin ƙungiyar Yardbirds ta Ingila, haka ya rasu a gidansa a 1976, yana riƙe da jitar da ba a haɗa kayanta da ƙasa yadda ya kamata ba. Don Allah duk mai kaɗawa a nan ya sa mai wayarin ya kafa masa rodin ƙasa na gaske. A ranin Katsina ƙasa takan bushe ƙamas, shi ya sa ake zuba gawayi da gishiri a ramin, a riƙa ba shi ruwa. Kafin a fara wasa kuma a sa mita a kan awon wutar gida, ƙafa ɗaya a tsirkiya, ɗaya a kan makirufo. In ta nuna wuta mai yawa, kada a taɓa sai an gano dalili. Duk wanda ya taɓa jin makirufo ya ɗan cije shi a leɓe, gargaɗi ne aka yi masa.

Mai Situdiyo:
Wannan magana ta Malama kowa ya riƙe ta. Amma ku lura, ita da kanta ta ce ƙugin mai kauri ba ya tafiya da shimfiɗa. To ni a wajen ɗaukar sauti shi ne abokin gabata. Maganinsa an gano shi tun tuni: fikof tagwaye, naɗi biyu a juye da juna, wanda Seth Lover ya ƙera wa kamfanin jita na Gibson, suka fara sa shi a jitocinsu a 1957. Pacifica ɗin da na ambata da shi take zuwa a kusa da jaki. In har yaron nan ya nace sai ya kashe kuɗi, to ya sayi tagwaye ɗaya, irin siririn da ke shiga ramin fikof tilo, mai naɗi ɗaya irin nasa, ba sai an fafe katako ba. Guda ɗaya, ba uku ba.

Badauri:
Gaisuwa daga Daura. Yaya Mai Situdiyo, a nan kam ba na tare da kai. Ya danganta da abin da yake son kaɗawa. Mu nan Kongolam ce kawai tsakaninmu da Nijar, kiɗan jitar Buzaye a kunnenmu muka tashi, kuma sautin nan mai kaifi da ke tsaga iska, wanda kowane ɗan bugu ke fita daban ko an yi sauri, na fikof tilo ne. Tagwaye yana da kauri da duhu, ya dace da wani kiɗan, amma in ka sa shi ka ce za ka yi salon Agadas sai ka ji abin ya dushe. Masu kaɗawa a bukukuwan Damagaram da na gani, yawancinsu irin jitar yaron nan ce a hannunsu, da ƙaramar amfilifaya, wani lokaci a kan batirin mota, kuma a fili in babu wutar gari kusa ƙugin ma ba ka jin shi.

Mdou Moctar, makaɗin Nijar da yanzu yake zagaya Turai da Amurka da farar Stratocaster ta bahago, jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa, da wayar birkin keke a matsayin tsirkiya. Ban kawo wannan don in ce kaya ba su da amfani ba. Hannun ne ya riga kayan zuwa. Ƙanena, wane kiɗa kake yi?

Ɗan Ƙofar Marusa:
Yaya Badauri, irin naku nike koyo, shi ya sa ma na nemi mai fikof ukku. Malama, akwai taransifoma a bakin layinmu, tagar tana kallonta. Kuma na gwada 2 da 4, ƙugin ya faɗi ƙwarai.

Kawu Kafinta:
Ba wanda ya amsa wa yaro maganar ƙarafan da ke yankar shi, bari in shigo. Ɗana, ƙarafan ba su ƙaru ba, katakon ne ya tsuke. Masu ƙera jita suna son damshin iska ya tsaya tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, mu kau a hunturu yana faɗuwa ƙasa da 20. Katako ya sha iska ya motse, ƙarfe bai motsewa, sai bakin ya leƙo. Abin da ke faruwa da ƙofofin da nike yi ke nan, da damina su cije, da rani su saki.

Yanzu ne lokacin gyaran, cikin tsakiyar hunturu, sa'ad da katakon ya kai ƙarshen tsukewa. In ka goge yanzu ka huta, da damina ma sai su ƙara shigewa. Ka manna salatif ɗin takarda a kan katakon tsakanin ƙarafan da gefen wuya, ka samu ƙaramin magagari mai laushin haƙori, ka bi gefen a tsaye a hankali har ka ji ya fara shafar salatif. Sannan kowane baki ka ɗan zagaye shi, bugu biyu ukku, daga sama zuwa ƙasa, kada ka ja magagarin sama ya ɗago ƙarfen. Ka bi da samfefa mai lamba 600, sannan 1000. Saman firet inda tsirkiya ke kwanciya kada ka taɓa shi. Kuma ka rufe fikof da salatif, dan maganaɗisu na jan garin ƙarfe.

In fuskar wuyan baƙin katako ne marar fenti, ɗigo kaɗan na farin man jarirai a tsumma ya isa, a goge a share, sau ɗaya ko biyu a shekara. Ban da man gyaɗa, yana yin ɗanko ya yi wari. In farar fuska ce mai sheƙi, tsumma kawai. Kada ka jingine ta a bangon da rana ke duka, kada ka bar ta cikin mota a watan Afrilu. In tana da jaka, ka huda gidan sabulu ka sa jiƙaƙƙen soso da aka matse, ka ajiye ciki.

Mai Jitar Coci:
Kawu, ka faɗa masa maganar ƙashi. Wanda ka yi mini har yau yana nan.

Kawu Kafinta:
To. Nat ɗin roba in fensir bai yi mashi magani ba, a canja shi da ƙashi. Masu tsada ma da ƙashin saniya ake yin nasu, mu kau ga mahauta nan. Ƙashin ƙwauri ake nema, tsakiyar inda ya yi kauri ya yi tauri. A yanke kawunan, a fitar da ɓargo, a dafa shi da ɗan omo ana canja ruwa har maiƙon ya fita, a shanya a inuwa makonni. Nan ne mutane ke gaggawa. In da sauran maiƙo, daga baya zai tsattsafo ya yi rawaya, gam ya ƙi kamawa. In ya bushe sai a yanka da zarton ƙarfe, a goge a kan samfefa har ya shiga gurbin tsohon daidai ba tare da an buga ba.

Tsagar ita ce aikin. Tsohon nat ɗin za ka ɗora ka kwafi tazarar. Magagarin tsaga na musamman yana da tsada, ni da 'yan wayoyin nan masu kaushi da masu walda ke share bakin tocinsu nike yi, suna zuwa kauri daban daban, manyan tsagogin kuma da guntun tsohuwar tsirkiya mai naɗi. Tsagar ta gangara wajen kunnuwa, dan tsirkiya ta tashi daga bakin gaba. Awon zurfi: danne tsirkiya a firet na 3, ka duba kan firet na 1, ratar ta zama kamar kaurin takarda. Ana yi ana gwadawa. In ka zarce, garin ƙashin da ɗigon sufagulu yana cike wajen a sake. Wajen mannawa ɗigo biyu na gam ɗin katako ya isa, saboda wata rana za a so cirewa. Ka sa ƙyalle a hanci, ƙurar ƙashi ba ta da daɗi.

Mai Situdiyo:
Kawu, aikin nan da kuke lissafawa ai ya fi ƙarfin mai koyo. Rodi, dalma, magagari, dafa ƙashi. Lokacin da zai ɓata a nan da ya yi shi a kan koyon kiɗa. Ni tsorona kada ya lalata wadda yake da ita ya rasa duka.

Badauri:
Yaya, ai a kan irin wannan jitar ake koyon gyara, ba a kan mai tsada ba. Kuma a garin nan wa zai kai wa? Babu shagon gyaran jita a unguwarsu. Mai gurmi da mai kukuma su ke ɗaure fatarsu su gyara jakinsu, ba su jiran kowa. Ko ya sayi Pacifica, hunturu mai zuwa sai ya riƙe alankin nan. Eddie Van Halen ma, shahararren makaɗin Amurka, jitar da ya yi suna da ita haɗe-haɗe ce, gangar jiki ta dala 50, wuya na dala 80, ya sa mata fikof ɗin Gibson da hannunsa.

Mai Situdiyo:
Kuma tagwaye ya sa mata, ka lura. Amma na ji, in dai zai tafi a hankali kuma manya na kusa.

'Yar Lantarki:
In ya zo sayen kaya daga baya, akwai tarkon da ya kamata ya sani. Jitocin Asiya da milimita ake ƙera su, kayan Amurka da inci. Bolum ɗin Amurka wuyansa wajen milimita 9.5 ne, ramin taka wajen 8, sai an faɗaɗa, kuma hular bolum ɗin ma haƙoranta ba ɗaya ba ne. Jaki mai sukuru shida, tazarar na farko da na ƙarshe a wasu milimita 52.5 ce, a wasu 56. Gangar jitar araha kuma sau da yawa ta fi siranta, wajen milimita 40 maimakon 45, to ƙarfen ƙarƙashin sabon jaki yana iya leƙowa ta baya murfi ya ƙi rufuwa. Kunnuwa ma akwai masu ramin milimita 10, akwai na tsohon yayi masu ƙaramin rami. Ka auna komai da ma'aunin makanikai kafin ka tura kuɗi, don mayar da kaya daga nan ba ƙaramin aiki ba ne.

Abin da zan ce ya canja ba tare da jira ba shi ne soket da makunni in suna ƙarar ƙasa-ƙasa, don ƙurar hunturu tana cinye su, sai kuma wayar da ke zuwa amfilifaya. Bolum na fikof tilo 250k ne, na tagwaye 500k, ka nemi mai harafin A. Kafasito, ɗan abin da ke rage kaifin sauti, 0.047 ko 0.022, na teburin Baba ya wadatar. Masu tsadar da ake tallatawa, in lambar ɗaya ce aikin ɗaya ne.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Allah ya saka da alheri baki ɗaya. Na fasa odar. Na buɗe bayan, wayar nan kau a tsinke take tana lilo, yadda Baba ya ce. Wuya da jaki zan bi yadda Yaya Mai Jitar Coci ya tsara, ƙarafan kuma zan kai wa Kawu in ga yadda ake yi. Amma maganar fikof ban cire rai ba. Na leƙa ƙarƙashin nawa na ga wani baƙin maganaɗisu a manne, an ce shi ne na araha. In komi ya daidaita kuma sautin bai mani ba fa?

Mai Jitar Coci:
Baƙin nan siramik ne, ba aibi ba ne, ya dai fi alniko ƙarfi da tsauri. Kafin ka yanke masa hukunci ka sauke shi. Danne tsirkiya a firet na ƙarshe, ka bar wajen milimita 2.4 tsakaninta da kan fikof ta ɓangaren manyan tsirkiyoyi, 2 ta ɓangaren ƙanana, daga nan ka riƙa juya sukurun kana saurare. Ka sa sababbin tsirkiyoyi, masu kaurin lamba 9 ko 10, ka kaɗa ta wata guda. In har lokacin kunnenka na neman wani abu, za ka san ko mene ne, sai ka sayi wanda ya dace, ko guda ɗaya ne.

Baba Mai Rediyo:
In ranar ta zo, ka ɗauki hoton wayoyin da wayarka kafin ka cire ko ɗaya, kuma tsofaffin fikof ɗin ka naɗe su ka ajiye, in za ka sayar da jitar sai ka mayar mata ka riƙe masu kyan. Gobe in za ka zo liƙin wayar, ka taho da amfilifayar da igiyarta, ina son in ga filogin da idona. Bayan la'asar nike samun sarari.